Kawu Garba da takardun da yake bari su kwana

Ranar Alhamis da ta wuce Kawu Garba ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Duk shekara mukan taru a gidansa na Gwallaga a yi masa addu'a, kuma duk shekara matarsa, Inna Hajjo, takan nuna ni ga matan unguwa ta ce, "Ga Ladidi, 'yar da ya fi so, ita ta gaje shi a ofis." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce irin ta 'yar gidan mutunci. Kunya ce kam, amma ba wadda suke zato ba. Akwai abin da na yi wa Kawu wanda kafin wannan Alhamis ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma bana na gaji da ɗaukarsa ni kaɗai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kawu Garba yayan mahaifiyata ne. Mai buga tafireta ne a wata ma'aikatar gwamnati a nan Bauchi, ya yi shekaru masu yawa a kan kujera ɗaya a bakin taga. Shi ya koya mini bugu a zauren gidansa, yana ɗaure mini ido da ɗankwalina don kada in kalli yatsuna. Da kwamfuta ta fara shigowa gari, shi ya tsaya kai da fata sai na je na koya, alhali shi ko kunna ta bai iya ba. Shi kuma ya yi ta zarya da takarduna har aka ɗauke ni aiki a ofishinsu, aka ba ni tebur kusa da nasa.

Kawu yana da wata ɗabi'a da tsofaffin ma'aikata duk suka sani, amma ba mai faɗa. Duk takardar da darakta ya rubuta cikin fushi, ko ta tuhuma ce ko ta dakatarwa ko ta kora, Kawu ba ya buga ta a ranar. Sai ya sa ta a durowarsa ta hagu ya kulle. Washegari da safe, bayan ya tabbatar darakta ya sha shayinsa, sai ya shiga da ita ya ce, "Ranka ya daɗe, jiya tafireta ta ƙi ni. A buga ta yadda take?" Tafiretar lafiyarta ƙalau, kuma daraktocin sun sani. Wani ya sake karantawa ya rage zafin, wani ya yi tsaki ya yaga. Wani kuma ya ce a buga, sai Kawu ya buga ba musu. Haka Buba direba ya tsira da aikinsa ranar da ya goga motar ofis a jikin katanga, har ya yi ritaya cikin mutunci bai san takardar korarsa ta taɓa kwana a durowa ba. Na taɓa tambayar Kawu dalili, ya ce, "Magana zarar bunu ce, Ladidi. To ina ga wadda aka buga aka sa mata hannu?"

Ni a lokacin gani nake wannan duk nawa ce ta tsofaffi. Kaina ya kumbura. Ina buga shafi biyar kafin ya gama ɗaya, in na yi kuskure in goge ba wanda ya gani, shi kuwa sai ya zare takarda ya sake daga farko. Sai aka kawo mana sabon darakta, matashi, mai son a gama komai jiya. Ba mugu ba ne, kuma ba zan ɗora masa laifina ba. Wata safiya ya kira ni ya ce, "Ladidi, ke kaɗai ce kike tafiya da zamani a nan. Gaya mini, a ina takarduna suke maƙalewa?"

Da na ce ban sani ba, da shi ke nan. Amma yabon ya shige ni. Ban ma tsaya a faɗa da baki ba, sai da na zauna na buga masa rahoto mai kyau, na jera takardun da suka yi jinkiri ɗaya bayan ɗaya, na ambaci durowar hagu. Ban rubuta dalilin Kawu ba, kuma na san shi sarai. So nake a ga iyawata, shi ya sa.

Kafin azahar darakta ya rubuta cewa a mayar da Kawu ɗakin tsofaffin fayiloli da ke bayan ofis, inda ba mai shiga sai ƙadangaru. Ni aka ba takardar. Ban kai minti biyar ba na gama, firinta ta fitar, aka sa hannu, masinja ya miƙa masa yana zaune taku biyu daga teburina. Mutumin da ya kwanar da takardun kowa, tasa ko awa ɗaya ba ta yi ba. Kawu ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, ya juyo ya ce, "Bugu ya yi kyau, ba kuskure ko ɗaya. Amma ki riƙa barin fili a gefen hagu saboda hudar fayil." Shi a zatonsa umarni kawai na bi. A gida ma ce musu ya yi sabon darakta ne mai zafin kai, har yana ja mini kunne in yi hankali da shi.

Shekara biyu ya yi a wannan ɗaki, sannan ya yi ritaya, bai daɗe ba ciwo ya kwantar da shi. Sau biyu ina zama a gefen gadonsa na buɗe baki zan faɗa, sai in ji na ce, "Kawu, ya jiki?" Da na sani ƙeya ce.

Yau ni ce shugabar wannan sashe, kuma nakan tambayi kaina abin da Kawu zai ce in ya leƙo. Ba tafireta ko ɗaya. Littafin sa hannun zuwa aiki ya tafi, na'ura ake dangwala wa yatsa, ita kuma ba ta san an yi haihuwa ko rasuwa a gidan kowa ba. Matasan da muke ɗauka yanzu sun fi mu ilimi, kuma ba sa tsoron tambaya. Wannan ya ce me ya sa sai ya taso tun daga unguwar Inkil kullum alhali aikin yana cikin wayarsa, wancan ya ajiye aiki ta saƙon waya don ya sami inda za a fi sauraronsa. Har manhaja gare su da ke tsara wasiƙa da kanta. Ba na jin Kawu zai yi faɗa da ko ɗaya daga ciki. Mutumin da ya tura ni koyon kwamfuta ba maƙiyin sabon abu ba ne, ina ma ganin zai goyi bayan yaran a kan cewa ma'aikaci mutum ne kafin ya zama ma'aikaci. Abin da zai tambaya ɗaya ne: in shugaba ya fusata, wa yake tare takardar?

Amsar ita ce ba kowa. Na sani, don a watan da ya wuce wata ma'aikaciyata, Rukayya, ta yi latti kwana uku a jere, na ɗauki waya na rubuta mata tuhuma a zauren hirar ma'aikata na waya inda kowa yake karantawa. Kafin in ajiye wayar duk sun gani. Da yamma aka gaya mini jinyar mahaifiyarta take a asibiti, daga can take tahowa. Na goge saƙon, na ba ta haƙuri, amma wanda ya karanta ya riga ya karanta. Da gashina ya fara fari, na sake yin abin da na yi ina yarinya, wannan karon ma ba wanda ya yaba mini.

In aka ce me Kawu ya bari, ba gida biyu ba ne, ba kuma suna a jikin bango ba. Mutane ya bari waɗanda suka ƙarasa aikinsu lafiya, suka aurar da 'ya'yansu, yawancinsu ba su ma san hannunsa ba. A ƙa'idar aiki laifi ne abin da yake yi, jinkirta aikin gwamnati. Na yi shekaru ina fakewa da wannan, kuma bai taɓa sa na ji sauƙi ba.

Saboda haka ranar Alhamis, da aka shafa addu'a mata suka watse, na zauna a ɗakin Inna Hajjo na faɗa mata komai, har rahoton. Ta yi ta gyara bakin tabarma da yatsa. Can ta ɗago ta ce, "Ladidi, me ya hana ki faɗa masa yana da rai? Shi ne mai saurin yafiya. Ni ban kai shi ba."

Na yi mata sallama, ta amsa, amma ba ta raka ni zaure ba.