Yadda Sabitu Ya Zama Samarshe

Kun san Sabitu na Zongo, mai rubuta manhajar kwamfuta, wanda duk Lome ke kira Samarshe? Bari in ba ku asalin sunan.

A ofis ɗinsu suna da wata raha. Duk wanda aka ce aikinsa ya lalace, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce da Faransanci, "Chez moi ça marche" (ana furta shi "she muwa sa marshe"), wato a wurina lafiya lau yake tafiya. Sabitu ya faɗi wannan sau miliyan, abokansa suna birgima da dariya, har ya ɗauka shi ne sarkin barkwanci.

Ranar da ya je gaida Alhaji Hamidou, mahaifin Radiyya da yake nema, ya tarar da tsohon a kwance da shanyewar ɓarin jiki.

Alhaji ya ce, "Yaro, ƙafar nan ta ƙi tafiya."

Bakin Sabitu ya riga hankalinsa. "Baba, chez moi ça marche."

Ya tsaya jiran dariya. Radiyya da kanta ta miƙo masa takalmansa. Tun daga ranar sunan Samarshe ya bi shi.

Yanzu ta auri wani, tana unguwar Agoè da mijinta. Shi kuwa har yau yana ba 'yan ofis dariya, ya dawo ɗaki ya jiƙa garin rogo shi kaɗai.