Katangar Saman Soro a Misfala

Wani koren gyale na fara hangowa a kan igiyar shanyar maƙwabtanmu, iska tana kaɗa shi kamar yana kiran wani. Ina budurwa a lokacin, kaina cike da labaran masoya, na ce a raina wannan gyalen sai ya jawo magana.

A Misfala, unguwarmu a Makka, namiji ba ya hawa saman soro sai ya ɗaga murya ya ce "Ɗarik!", wato a ba da hanya, mata su kauce. Wanda aka sani da leƙe, ko ya tsira daga bulala, ba mai ba shi 'ya. Ran nan yayana ya hau ɗauko tabarma, bai yi kiran ba, ya yi ido biyu da mai gyalen. Ya sauko ba tabarma.

Kafin la'asar mahaifinta ya kai ƙara wurin umda, mai unguwarmu. Dattawa suka zauna a zaurenmu, ni ina bayan labule.

Kawunmu, wanda ya taɓa yi wa wani Bagirke kuku a Sudan, ya gyara murya. "Nasaran dā, in namiji ya yi haka, limaminsu burodi da ruwa yake ɗora masa, sai ya rame."

"Alhaji, a Makka za ka yanke mana hukuncin Nasara?" in ji mahaifinta.

"To ai shi ma ɗan namu tun ɗazu ya kasa cin abinci," in ji kawu.

Har umda sai da ya dara. Aka yanke yayana ya ƙara tsawon katangar da ke tsakanin sorayen, da hannunsa.

Ban taɓa ganin gini mai nawa irin wannan ba. Kullum zai hau yana ƙwala "Ɗarik!" har 'yan ga-ruwa a titi suna amsa masa. Ni nake kai masa shayi, sai in tarar an riga ni: ga wani kofi a kan katanga, da na'ana'a a ciki.

Da ginin ya kai kafaɗa, yarinyar ta tambayi mahaifiyarta ko dole ne sai ya kai har sama. Uwar ta gaya wa uban. Ya hau, ya ƙwanƙwasa katangar, ya ce, "Ya waladi, ɗana, aikinka da kyau. Turo manyanka."

Yayana bai koma zaman da yake yi a shagon babanmu ba. Magini ya zama a unguwar Mansur, ya tsufa da siminti a gemu, 'ya'yansu mata bakwai shi da mai gyalen.