Kwamfutar da Kawu Ilu Ya Zaɓa da Hanci

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka raka Kawu Ilu makwancinsa a Kankiya, amma har yau in na bi ta bakin kasuwa sai idona ya kai inda rumfarsa take. Wani mai cajin waya ne a wurin yanzu. Ba ni da komai da shi, halalinsa yake nema, sai dai raina yakan sosu in na ga benci a gefen da ba nan Kawu yake ajiye shi ba.

Kawu Ilu ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma gyaran rediyo da rakoda ne sana'arsa tun ina ɗan firamare. Ban zo in ce muku waliyyi ne ba. Mutum ne mai taurin kai da saurin tsawa, wanda in ya ce rediyonka ya mutu, ko limamin gari ka ɗauko ba zai sake kwance shi ba. Abin da nake so in tuna a bana shi ne lokacin da muka haɗa kwamfutata ta farko ni da shi, da dalilin da ya sa muka haɗa ta.

Dalilin wani kaset ne guda ɗaya. A shekarun da mahaifinmu yake aikin gadi a Legas, Inna ba ta iya rubutu ba, sai ta yi magana a kaset a ba direba ya kai masa. Ɗaya daga ciki ya dawo gida a akwatin Baba, shi kaɗai ya tsira. Inna ta rasu ƙanwata Binta tana goye, ko yaye ta ba a yi ba. Ni ina da abin tunawa, na san tafiyarta, na san faɗanta. Binta kuwa ba ta da komai na uwarta sai wannan kaset, kuma ba ta taɓa jin sa har ƙarshe ba. Sau biyu aka kunna mata tana yarinya, sau biyun rakoda tana cinye zaren tun kafin a kai rabi. Kawu ya liƙe wuraren da jan farce, ya naɗe kaset ɗin a tsumma, ya rufe a babban gwangwanin madara. Cewa ya yi zaren ya yi laushi, kunnawa ɗaya ta rage masa a duniya.

Sai ga auren Binta ya taso. Ta gama karatun malanta, mijin da ta zaɓa kuma a Fatakwal yake aiki. Da na tambaye ta gudummawar da take so daga wurina, ba ta ambaci gado ko kwanuka ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya Sada, muryar Inna nike so in tahi da ita."

Lokacin ina akawu a sakatariya a Kusada, kullum a kan babur nake zuwa in dawo. A ofis na koyi taɓa kwamfuta, a nan kuma na ji cewa ana iya juye kaset a cikinta a fitar da shi a faifan sidi, ko guda nawa ake so. Ta ofis ba tawa ba ce, Kawu kuma ya rantse kaset ɗin ba zai bar rumfarsa ba sai bayan ransa. Sabuwa ta fi ƙarfin albashina nesa ba kusa ba. Abin da ya rage shi ne in sayo kayan cikinta ɗaya-ɗaya, na hannu, in haɗa da kaina.

Na rubuta jerin abin da nake so, kuma in faɗi gaskiya jerin ɗan gayu ne. Na sa firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, mafi sauri da aljihuna zai ɗauka, da sikirin shafal irin wanda aka fara yayi, da akwati mai fitilu. So nake abokan aiki su zo su gani su riƙe baki. Ranar da zan tafi Kano na tarar Kawu ya riga ni zuwa tasha, ya sha rigarsa ta Juma'a. Na ce, "Kawu, wagga hwa ba rediyo ba ce." Ya ce, "Wuta ke shiga cikinta ko ruwa?" Na ce wuta. Ya ce, "To shiga mota mu tahi."

A kasuwar kayan kwamfuta na sha kunya, ko in ce na ɗora wa kaina kunyar da ba ta da dalili. Mai shagon farko ya miƙo mana madabod, wato faffaɗan allon da ake dasa sauran kayan a kansa, yana ta zuba Turanci. Kawu ya karɓa ya kai hanci, ya bi shi lungu-lungu yana shinshinawa kamar mai sayen daddawa. Samarin shagon suka fara ƙyaƙyatawa, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Can ya ajiye ya ce, "Wanga ya taɓa ƙonewa, wanke shi aka yi." Ya nuna mini wasu 'yan gwangwanaye biyu a jikin allon, kansu ya kumbura. Mai shago ya daina Turanci, ya shiga ciki ya ɗauko wani. Da tsohuwar zuma ake magani, ranar na ga haka da idona.

Haka muka wuni. Da aka zo kan akwatin da ke raba wa kayan wuta, bai dubi rubutun jikinsa ba, a tafin hannu ya riƙa aunawa, ya ce mai nauyi ya fi jan ƙarfe a ciki, mara nauyi kuwa gwangwani ne da fenti. A kan firosesa tambaya ɗaya ya yi, ko tsohon yayi zai iya ɗaukar magana ba tare da tuntuɓe ba. Aka ce zai iya. Ya ce to saurin na mene ne, tunda ba tsere za mu yi ba. Wuri ɗaya na fi shi, wajen zaɓen ram, ɗan siririn katin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a cikinsa, don na san dole tsagar jikinsa ta dace da raminsa a madabod. Ya ja gefe ya bar ni, na kuma ji shi yana gaya wa mai shagon ƙasa-ƙasa cewa ni ɗan yayarsa ne, akawu ne a Kusada. Bai taɓa yaba mini a gabana ba, shi ya sa har yau ban manta wannan ba.

Rigimar gaske a kan sikirin ta tashi. Kawu ya kafe sai an sayi abu biyu da ba sa cikin takardata, katin sauti na daban mai ramin da za a jona rakoda, da akwatin batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Su biyun kuwa sun cinye rabon sikirin tas. Muka tsaya a bakin titi muna ja-in-ja, har na faɗi maganar da nake jin kunyarta har gobe, na ce ai gumina ne. Na zaci zai yi tsawar da ya saba. Sai ya dube ni kawai ya ce, "Sada, kai kallo za ka yi, ita ji za ta yi. Wa muka zo yi ma sayayya?" Muka koma shagon na biya kuɗin su biyun. Da tsohon sikirin mai ƙaton ƙeya muka dawo, a kan cinyata tun daga Kano har Kankiya, na sauka ƙafafuna ba sa jin ƙasa.

Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da ya ga zamanin nan. Wayoyin da ke aljihunmu ko kusa ɗaya ba a gani a jikinsu balle a kwance, in ta lalace a jefar a sayi wata. Na tabbata wannan zai ɓata masa rai, don a wurinsa abin da ba a iya buɗewa ba naka ba ne, aro aka ba ka. Amma abin da zai fi ɗaure masa kai shi ne yadda murya ta yi araha. Matata takan aika wa 'yan'uwanta na ƙauye saƙon murya sau nawa a wuni, in waya ta cika ta bi su ta goge. Ni ma haka nake yi, ban fi kowa ba. Kwanan baya babbar 'yata ta ce za ta haɗa kwamfuta don ta riƙa buga wa mutane takardu, ta nuno mini jerinta a waya, jerin gayu sak irin nawa. Na tambaye ta aikin da kwamfutar za ta yi, muka rage abin ragewa. Da aka kawo madabod ɗin ban san lokacin da na kai shi hanci ba, sai dariyarta na ji.

Kwana uku muka yi muna haɗa tamu a rumfar Kawu, ni ina bin takarda, shi yana riƙe da sukudireba yana yi mini faɗa kada in danna da ƙarfi. Da ta tashi, muka gwada juye wasu tsofaffin kaset-kaset har sai da ya gamsu babu ƙugi a cikin sautin. Daga nan sai jiran wuta. Ɗaurin aure Asabar ne, wuta ba ta zo ba sai ranar Alhamis da hantsi. Na tafi da babur na ɗauko Binta daga cikin 'yan biki, ta zauna a tabarma a ƙuryar rumfa. Kawu ya zuba wa rakoda sababbin batura, ya buɗe gwangwani, ya yi bisimilla. Ya kwance tsumman, ya sa kaset ɗin a rakoda, ya danna.

Muryar da ta fara fitowa ba ta Inna ba ce. Wani saurayi ne yake cewa, "Yaya, matso kusa, ta hwara ɗauka. Ki bar dariya mana, batir na ci." Sai dariyar Inna, tana cewa, "Ilu, kai dai ba ka da ta ido." Daga nan ta gaida Baba, ta ba shi labarin geron gonar Dudunni, da akuyar da ta haifi biyu, da ni da na shiga makaranta nake dambe kullum. Muka riƙe numfashi a liƙin farko, ya wuce. Na biyu ya ɗan ja, muryar ta yi kauri, shi ma ya wuce. Muka shiga inda babu wanda ya ji tun rasuwarta. Can wajen ƙarshe jaririya ta yi kuka, Inna ta ce, "Ga ɗiyarka nan ta tashi. Binta, yi shiru, uwata, gaida Baba." Ta yi ta rarrashinta, ta manta rakoda tana ɗauka. Binta ta ja hijabi ta rufe fuska, kafaɗunta suna girgiza. Kawu ya fita waje ya tsaya yana duban kasuwa, ya daɗe bai shigo ba.

Wuta ko ƙiftawa ba ta yi ba ranar. Na tsokane shi na ce ga akwatin batir ɗinsa ya tashi a banza, ya ce ai don ta ga mun shirya mata ne. Da ya zo mayar da kaset ɗin baya, zaren ya tsinke ya cukurkuɗe, bai sake gyaruwa ba. Kafin in buga faifan ya ce, "Yanke wancan surutun nawa na hwarko, ba shi aka zo ji ba." Na ce to, amma ban yanke ba. Ba hikima ba ce, tsoro ne ya hana ni, kada in taɓa in ɓata abin da ba shi da na biyu. Binta ta tafi Fatakwal da faifanta a cikin akwatin lefe.

Bayan shekara huɗu Kawu ya kwanta ciwo na 'yan kwanaki, Allah Ya karɓi abinSa. Bai bar dukiya ba, bai bar wanda ya gaji sana'ar ba, hoto ma sai na jikin katin zaɓe. Kwamfutar ta yi aikinta ta mutu, rumfar ta koma hannun wani. In na auna abin da ya rage, sai in ga 'ya'yan Binta uku sun san muryar kakarsu, suna ma kwaikwayon dariyarta, kuma taurin kan wani mai gyaran rediyo ne ya ba su wannan. Bayan sadakar arba'in Binta ta kira ni tana kuka, ta ce, "Yaya Sada, ashe Kawu ma shina cikin faifan nan." Ni sai a lokacin abin ya faɗo mini. Duk shekara in watan rasuwarsa ya kama nakan kunna, in ji shi yana ce wa yayarsa ta bar dariya batir na ci, ita kuma ta ƙi bari. Allah Ya jiƙansu su biyun, Ya haɗa su a inda ba a rabuwa.