Dakta Zaleha, Wadda Ta Ɓoye Sunana

Ranar Asabar ta farkon Nuwamba, ɗana Fikri ya fitar da kujerar roba ya ajiye ƙarƙashin mangwaro, kamar yadda yake yi duk wata in za ki zo. Na dafa laksa, taliyar nan mai romo, na rage barkono saboda cikinki. Azahar ta wuce, romo ya huce, yaron yana tsaye bakin hanya yana duban motoci. Sai na kira wayarki. Namiji ne ya ɗauka.

"Puan Intan?" in ji shi, wato Malama Intan, yana karanta sunan da ya fito a wayar.

Duk duniya ke kaɗai ke kirana da wannan suna. Da na ji shi a bakin wani, tun kafin ya ƙara kalma na zauna a ƙasa.

Mijinki ne, Encik Razali, wato Malam Razali. Ya ce Allah ya karɓi ranki ranar Talata, 21 ga Oktoba, zuciya ce ta tsaya kina ofis, kuma a ranar aka binne ki a Penang. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ya ce sun sanar da duk wanda suka sani. Bai yi ƙarya ba. Ba su san ni ba, kuma ke kika tsara hakan.

Kak Leha, kamar yadda nake kiranki, wato Yaya Zaleha, shekara huɗu ke nan da kika fara zuwa ƙauyenmu na jihar Kedah a arewacin Malesiya, kina neman iyayen da ke koyar da 'ya'yansu a gida. Na ce miki babu irinsu a nan, alhali Fikri yana bayan labule. A ƙasarmu wajibi ne yaro ya yi firamare, wanda ya riƙe nasa ba izini yana iya shan tara, har ma ɗauri. Ni kuwa mai sayar da shinkafar kwakwa ce a bakin tasha, a aji uku na sakandare na tsaya, mijina ya rasu. Ba ki matsa ba. Kika sayi ƙunshi biyu, kika ci a tsaye, kika dawo wata mai zuwa.

Da na yarda, sai kika ce in zaɓi sunan da za ki sa mini a bincikenki na jami'a. Na ce to ba ni na masu kuɗi, ko a takarda in ɗanɗana. Kika yi dariya har kika ƙware. Haka na zama Intan, wato lu'ulu'u. Kika rantse ba za ki rubuta sunana na gaskiya a ko'ina ba, ko a waya, ko a littafi, don kada ranar da aka tilasta ki a sami abin karantawa. "A kaina zai zauna," kika ce.

Tambayarki ta farko ita ce me ya sa na zaɓi wannan hanya. Ban zaɓa ba. Fikri ba ya jure hayaniya, in ajin ya kaure da surutu sai ya toshe kunne yana kuka. Wata rana na same shi a kulle a ɗakin tsintsiya, ya jiƙa wando. Ban sake mai da shi ba. Kika kashe na'urar ɗaukar magana.

Kina yawan ba ni labarin ƙasashen da kika zaga. A Jamus an hana gaba ɗaya. A Amurka da yawa saboda addini suke yi. Maƙwabtanmu na Indunusiya doka ta san da su, yaransu suna da jarrabawar da suke zaunawa. Na taɓa ce miki, "Kak, wato sai da kika hau jirgi har Jamus kafin ki gano uwa ba ta son a wulaƙanta ɗanta? Da kin tambaye ni, da kuɗin jirgin sun huta."

"Ai shi ya sa nake zuwa," kika ce. "Ke ce farfesar, ni laksa nake bi."

A gabanki Fikri ya fara karatu, daga jikin buhun shinkafa. A gabanki ya koyi rabi da kwata muna yanka waina. Ba ki taɓa gyara mini koyarwa ba, ko da na yi kuskure, sai dai ki manta wani littafi a kan tabarma ki ƙi tambayarsa. Yaron da ba ya yarda ko ni in taɓa shi, bara ya jingina kansa a kafaɗarki. Kika sandare, ƙafarki ta yi sanyi, kika ƙi motsi har ya tashi don kansa.

A watan Agusta wani ya kai ƙarata. Ofishin ilimi suka ce in zo farkon Disamba in nuna hujjar cewa yaron yana koyo, in ba haka ba ya koma aji. Kika ce kada in damu, in na ba ki izini za ki zauna kusa da ni ki faɗi abin da idonki ya gani. Na ba ki.

Makon jiya na hau bas na je jami'arku. Na tarar ana taron tunawa da ke. Sun jera furanni, sun lissafa ƙasashen da aka gayyace ki. Can sai wani farfesa ya haska magana a bango: "Ban cire ɗana daga makaranta ba, daga ɗakin tsintsiya na ciro shi. Intan, uwa, arewacin Malesiya." Suka jinjina kai, wata ta share hawaye. Ina zaune a kujerar ƙarshe da ledar waina a cinya.

Da aka tashi na tare farfesan, na ce ni ce Intan, ina roƙon muryoyin da kika ɗauka a gidana.

"Mak Cik," in ji shi, wato Inna, "ki yi haƙuri, ba mu da hanyar tabbatarwa."

"Ku kunna ku ji. Muryata ba ta sake ba."

"Ƙa'ida ba ta bari ba. Marigayiya ta yi wa iyalan alkawari, in aikin ya tsaya za a goge komai. Don kare su ne."

"Daga wa za ka kare ni, Encik? Ga ni tsaye."

Ya duba agogo, ya ce in ɗauki abinci kafin in tafi. Maganata ta isa a manna ta a bango, ni ban isa a gaskata ni ba.

Ina jin haushinki, Kak, ba zan ɓoye ba. Kin ɓoye ni da kyau, har kika tafi da ni kabari. Kin san dokokin ƙasashe da yawa, amma ba ki tanadi ranar da ba kya nan ba. Sannan in tuna shekara huɗu muka yi barci lafiya saboda wannan amana, sai kunya ta kama ni. Akwai wasu iyayen irina, ban san su ba, ba su san ni ba. Wataƙila wata tana can ta dafa abinci tana jiranki.

Tunda babu sauran abin ɓoyewa, sunana Maznah binti Saad.

Allah ya jiƙan ki, Zaleha binti Mokhtar. Ya yalwata kabarinki, ya rufa miki asiri ranar tonon asiri kamar yadda kika rufa namu. Encik Razali, da 'ya'yanta Hanim da Azlan waɗanda na sani a hoto kawai, Allah ya ba ku haƙuri. Ranakun Asabar da ba ta gida, wurinmu take, ku yafe mana.

Zaman ofishin ilimi yana nan, kuma ba ni da shaida. Kujerar tana ƙarƙashin mangwaro, Fikri ya hana a ɗauke. Har yau ban faɗa masa kin rasu ba.