Na Je Makoɗa Neman Ruɓaɓɓiyar Gyaɗa

Kano zuwa Dawanau

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, na fita da jakar kwalabe goma. Mutane na zuwa ƙauye neman sabuwar gyaɗa, ni kuwa ɗan boko ruɓaɓɓiya na tafi nema.

Ga dalili. Bara na ga fumfunar da ta kama gyaɗar Gwaggo Talatu, ƙanwar babana, ta kasa yaɗuwa. Malamina ya ce wataƙila bairas, wato ƙwayar cuta, ne ya kama fumfunar, irin mafi ƙanƙanta, zaren halitta guda ɗaya da ake kira RNA, wanda ko ɓawo ba shi da shi, zaune a cikinta. Ya ce in ban kawo samfur ran Litinin ba, digirina sai baɗi.

A Dawanau muka yi awa guda muna jiran “mutum ɗaya”. Direba ya tambayi aikina, na yi masa bayani.

“Wato ita cutar ce ba ta da lafiya, kai ne likitanta?” in ji shi. “Allah ya ba ta sauƙi.” Mota duka ta amsa da amin.

Makoɗa

Tara da kwata na sauka, ɗan acaɓa ya kutsa da ni tsakanin gonakin dawa zuwa gidan Gwaggo. Tun ranar Talata na yi mata waya cewa zan zo ɗaukar gyaɗa, wadda ta lalace. Ashe da bakina na kashe kaina.

Na tarar an share rumbu fes, an turara shi da hayaƙi. Kwana uku ta yi tana tsince gyaɗar ɗaya bayan ɗaya, da idon nan nata da ba ya ganin kafar allura. Masu fumfuna kuwa ta zuba su a murhu.

“Gwaggo, ai ruɓaɓɓun na ce.”

“Na ji ka sarai. Sai a ce ɗan yayana ya zo daga birni na sallame shi da shara? Ba a gidan nan ba.”

Na shiga rumbun da rarrafe, na laluba kowane lungu. Ko ɗaya ba ta bari ba. Da haka ake aiki a jami’armu, da tuni an gano maganin komai.

Komawa

Ƙarfe shida na iso gida da kwalabe goma fanko da rabin buhun gyaɗa da Gwaggo ta ba ni. Na zazzage shi a tabarma, ko Allah zai sa guda ta kuɓuce mata. Babu. Haushi ya ishe ni, sai kuma ƙwalla, don na tuna yatsunta duk sun tsattsage.

Alhamdu lillahi da na dawo lafiya. Na gode, Gwaggo. Gyaɗar za ta kai ni baɗi, daidai da digirin.