Katin da Na Ɗinke a Fata

Ni mutumin Nijar ne, daga wani ƙauye yamma da Maraɗi. Neman abinci ya kawo ni Kafanchan, na tsaya a aikin citta: mu tsaga, mu shanya, mu ɗura a buhu, mu loda wa manyan motoci. Shekarar da na zo, wani ɗan garinmu da ya riga ni zuwa ya kai ni Kaduna aka yi mini katin zama. Na dangwala yatsa, aka miƙo mini. Ya ce, "Riƙe shi da kyau, ba ka da kowa a ƙasar nan sai shi." Bayan shekara biyu ya koma gida, bai sake dawowa ba.

A wajenmu, takarda mai daraja ba a barin ta a aljihu. Baduku ake kai wa ya ɗinke ta a fata, kamar laya. Haka na yi. Wani baduku a bakin kasuwa ya naɗe katin da leda, ya rufe da jar fata, ya ɗinke ta ko'ina, ya sa igiya. Na rataya a wuya, ƙarƙashin riga. Zufa ta jiƙa fatar har ta yi baƙi. Shekara goma sha ɗaya ban buɗe ba, ba wanda ya ce in nuna. In na hangi mai kaki sai in dafa ƙirji, hankalina ya kwanta.

Ɗakina yana bayan gidan wata tsohuwa Kirista, muna ce mata Mama. Ita da mutanen kasuwa duka "Nijar" suke kira na. Ran Kirsimeti takan aiko mini shinkafa, ran Sallah nakan kai mata nama. Bayan wannan sai gaisuwa. Ranar Lahadi in sun tafi majami'a, gidan yakan rage daga ni sai kaji.

Da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, a wata firamare, bayan la'asar. Yawancin ajin matan kasuwa ne, ni nakan zauna a bencin baya. A shekara ta biyu malamarmu ta kawo gwangwanin madara da kwalin magani, tana koya mana karanta kwanan wata. Ta nuna mana inda ake rubuta ranar da abu zai daina amfani. Ta ce, "Har takardun hukuma suna da irin wannan ranar." Hannuna ya tafi ƙirjina da kansa.

A satin nan ƙanena ya kira ni a waya. Ya ce idon mahaifiyarmu ya kusa rufewa, kullum tana tambaya ko zan zo. Duk shekarun nan ban je gida ba, kowace kaka sai in ce baɗi. Na ce masa wannan karon ina tafe.

Da safe na sa reza na yanke ɗinkin. Katin ya fito sabo fil, da hoton wani saurayi mai baƙin gemu. Na bi lambobin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, sau uku. Ban yarda da karatuna ba, na jira aka tashi daga aji na nuna wa malama. Ta duba, ta dube ni, ta ce, "Ka karanta daidai. Shekara shida ke nan da ya ƙare."

Jami'in da na samu a ofishin shige da fice bai yi mini tsawa ba. Ya juya fatar a hannunsa yana murmushi, ya ce bai taɓa ganin katin da aka adana haka ba. Sannan ya yi mini bayani: fita zan iya fita, amma dawowa in zauna sai da sabon kati. Ya ba ni fom. Ya ce sai wani ɗan ƙasa da ya san ni ya tsaya mini, ya sa hotonsa da hannunsa, kafin a tura ni Kaduna.

Saman fom ɗin ni na cike da kaina, harafi bayan harafi, rabin yini. Ƙasan ne ba nawa ba.

Na fara da mai cittar da nake yi wa aiki. Ya ce, "Ba komai, Nijar, bari in dawo daga garin Kasuwan Magani." Ya dawo, ya ce sai wani satin. Na je wajen wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallaci. Ya saurare ni har ƙarshe, ya tambaye ni wai daga wane gari nake ma, sannan ya ce 'ya'yansa sun hana shi sa hannu a takardar kowa. Ban ga laifinsu ba. Sun san ƙarfina, sun san sallata, amma ba wanda ya san daga inda na fito. Sati uku fom ɗin yana aljihuna, har ya fara tsagewa a wurin ninki.

Wata Lahadi ina zaune a ƙofar ɗakina da takardar a cinya, Mama ta dawo daga sujada. Ta tsaya a kaina da littafin waƙoƙin jikarta a hannu. Hausarta irin ta mutanen nan ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Nijar, wannan takarda ya hana ka cin abinci ne? Kwana nawa ban ji ƙanshin shayinka ba."

Na faɗa mata komai, tun daga baduku.

"Shi ne ka zaga gari duka, ka tsallake ƙofana? Don ni mace ne, ko don ina zuwa coci?"

Na ce, "Mama, na ga ba ki yi boko ba."

"To yatsana ya mutu ne? Kai da ka yi boko jiya jiya, har ka fara raina mutane!" Ta ja kujera ta zauna. "Me za su tambaye ni?"

"Ko kin san ni."

"Na san kana share tsakar gida kafin in tashi. Ranar da maigidana ya mutu, kai ka ɗauko mana bencuna daga majami'a a kanka, ba wanda ya aike ka. Wannan bai isa ba?" Ta dube ni. "Amma sunanka fa? In sun tambaye ni, ba zan ce Nijar ba."

Na faɗa mata sunana da na mahaifina. Ta maimaita, ta tashi, tana tafiya ɗakinta tana maimaitawa don kada ta manta. Na zauna ina jin sunana yana ratsa tsakar gidan. Tun tafiyar ɗan garinmu ba wanda ya faɗe shi a garin nan sai malama, ita ma daga rajista take karantawa.

Ran Litinin ta ɗaura zanen zumuntar matan majami'arsu, muka hau keke mai ƙafa uku zuwa wajen mai hoto, daga nan ofis. Da jami'in ya tambaye ta, ta faɗi sunan da ƙarfi har na kan layi suka waiwayo. Ta dangwala yatsa. A Kaduna na yi kwana biyu a kan benci ina jira, ban san kowa ba. Da aka kira ni, biro na ɗauka na sa hannu.

Na je gida. Mahaifiyata ta riga ta daina gani, sai ta shafa fuskata, ta ce gemun ya yi kaushi. Na yi wata ɗaya a gefenta, na dawo kafin a fara haƙar citta.

Yanzu katin yana cikin gwangwani, ban ɗinke shi ba. Ranar ƙarewarsa na rubuta da gawayi a saman ƙofa, inda zan gani duk fita. Mama ta koma kira na Nijar kamar kowa. Sai jefi-jefi, in ta ga na daɗe ban fito ba, takan tsaya daga nesa ta kira ɗayan sunan, ta ji na amsa, ta wuce.