Idon Jalo Mai Fenti

Shekara ashirin da biyu muna maƙwabtaka da Jalo a bakin hanyar Jama'are, ni ina facin taya, shi yana fentin mota, injin iska ɗaya muke ja. Shi Bafulatani ne, ni Babarbare, to kun san abin da ke tsakani. Ni in ce masa bawana, shi ya ce, "Kashim, matso in shafa maka fila ta cike kwarzanen mota a fuskar nan, ita kaɗai ce karcewar da ta gagare ni a Azare." Tsagar gadon da ke kumatuna yake nufi. Masu kawo aiki har sukan ƙara zama a benci don su ji yadda za mu kwashe.

A wata ruga kusa da Gadau aka haife shi, ya tashi yana bin shanun ubansa. Da shanun suka ƙare ya shigo gari da sandarsa, ya yi dako, ya yi tura kura, daga baya ya tafi Kano ya koyi fenti ya dawo. Yakan ce idonsa a wajen kiwo ya same shi, wai wanda zai iya bambance farar saniya goma sha biyu daga nesa ba farar mota ce za ta ruɗa shi ba. Ni kuwa nakan ce shanun ma gudunsa suka yi. Amma gaskiya ɗaya ce, Jalo yana da ido, kuma ba shi da wani abin taƙama a duniya bayan idon nan. Gidansa ɗaki biyu ne, kekensa ya girmi 'ya'yansa, karatu kuwa sai na salla.

In aka kawo mota da kwarzane a jiki, ba ya tambayar abin da ya faru, shi ke ba mai motar labari. Zai tsuguna, ya ja farcensa a kan wurin, ya ce, "Wannan ƙahon rago ne." Ko kuma, "Wannan hannun ɗan acaɓa ne." Akwai wani Alhaji da ya zo yana zagin direbansa, Jalo ya duba ya ce, "Alhaji, wannan ƙyauren gidanka ne, kuma da baya aka shiga. Direba ba ya irin wannan shigar." Nan take Alhajin ya daina zagin direban.

In farce bai maƙale a kwarzanen ba, ba ya ma buɗe gwangwani. Man goge haƙori zai matsa a tsumma ya murza, ya ce da mai motar ya je Allah ya kiyaye gaba. In ya maƙale, sai a ɗauko sanfefa, a cike, a goge, a zo wajen haɗa kala, wanda nan ne abin kallon yake. Zai kalli motar a rana, ya kalle ta a inuwa, ya ɗiga baƙi, ya ɗiga ruwan ɗorawa, ya juya da tsinke, ya fesa. In ta bushe, mai motar da kansa sai ya rasa inda ciwon yake. Cikin mota ma haka. Robar ƙofa da awarwaron Hajiya ya karce, dashbod da aka jefa wa makulli, bayan kujera da akwatin ƙarfe ya yaga, duk yakan ɗumama wurin kaɗan ya lallashe shi da yatsa, ya bi da man takalmi mai kalar wurin. Daga Sakwa ma ana kawo masa mota.

Shekara biyu da suka wuce idon ya fara tafiya. Yanar ido ce ta rufe shi a hankali, irin wadda ke sa mutum ya ga duniya kamar ta cikin ruwan shayi, shi kuma bai sani ba. Mu muka sani.

Motar Malam Isaiah ce ta fara tona asiri. Malam Isaiah tsohon malamin makaranta ne daga kudancin jihar nan, ya yi ritaya ya ƙi komawa gida, rabin ma'aikatan Azare ya koyar da su lissafi. Farar motarsa ta gogi ginshiƙin ƙofar coci, ya kawo wa Jalo. Da aka gama, motar tana nan fara, ƙofar baya kuwa ta koma kalar kunun gyaɗa. Malam Isaiah ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya zagaya motar sau biyu. Jalo yana tsaye yana goge hannu, yana jiran yabo.

"Sannu da aiki, Malam Jalo," in ji Malam Isaiah. "Allah ya ƙara basira."

Ya shiga motarsa ya tafi, ya ci gaba da yawo da ita haka nan a gari.

Bayansa sai Hajiya Zinatu mai shagon atamfa. Baƙar robar ƙofarta ta karce, Jalo ya lafta mata man takalmi ruwan ƙasa, ya yi yawa kuma bai goge ba. Ta tafi biki da farin leshi, ta sauka da tambari a kafaɗa. Mako na zagayowa ta tsaya a sa mata iska a taya, ta leƙo ta taga ta ce, "Baba Jalo, aiki ya yi kyau." Ni da na ga leshin da idona na kusa haɗiye harshena.

Mutanen garin nan ba su da dama. Mutum zai tsaya ya yi awa guda yana ciniki a kan tumatir, amma ba zai iya duban dattijo mai furfura ya ce masa ya yi kuskure ba. Wasu suka riƙa karɓar motarsu da godiya, su wuce kai tsaye Jama'are a sake fesawa. Wasu suka bar ta haka. Masu sabbin motoci suka daina zuwa, Jalo ya ce ai tsadar mai ce ta sa mutane suka ajiye motoci. Tsofaffin abokan hulɗa kuma suka ci gaba da kawo ƙananan ayyuka don kada ya zauna haka, shi kuwa yana ɓata musu mota da zuciya ɗaya. Cikin shekara guda sai ga Azare ta cika da motoci dabbare-dabbare, kowacce ka gani ka san daga rumfar wa ta fito. A bayan idonsa har suna aka sa masa, wanda ba zan maimaita ba.

Wata ranar Laraba matarsa Dijatu ta kawo masa abinci ba ya nan, ta tsaya a gefen rumfata tana jan mayafi.

"Malam Kashim, ka ga halin da Malam ke ciki. Jiya shuɗiyar hula ya saka a kan koriyar riga, yana ce mini sun dace. Ni ba zan iya faɗa masa ba, 'ya'yansa ba za su iya ba. Kai ne abokin wasansa, ba abin da ba ka faɗa masa."

Na bugi ƙirji na ce ta bar mini. Da ya dawo na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Bawana, idonka ya mutu. Ƙofar Malam Isaiah kunu ka shafa mata ko fenti?"

Mutanen benci suka fashe da dariya, har da shi. Ya ce, "Babarbare da bai san kala ba sai baƙar taya, shi zai koya mini fenti?"

Na sake faɗa washegari, na faɗa bayan mako, na faɗa ya fi a ƙirga, kuma kullum da dariya nake faɗa, shi ma da dariya yake karɓa. Shekara ashirin ina ce masa makaho tun idonsa na ganin allura a cikin yashi, to me zai sa ya yarda yanzu? Na sani sarai maganar ba ta shiga. Sau ɗaya muna mu biyu bayan la'asar na buɗe baki zan faɗa masa a natse, na kalli yadda yake juya tsinke a gwangwani yana ɗan waƙarsa ta Fulatanci, sai tausayi ya kama ni, na tambaye shi labarin ruwan sama a Gadau. In Dijatu ta tambaye ni, sai in ce ai na faɗa masa, taurin kai ne irin nasu.

Dijatu ce ta gaji da mu duka. Da likitocin ido suka zo aikin kyauta a asibiti, ta ce masa idonta na ƙaiƙayi, ya raka ta. Ya tafi yana mita, wai mata ba sa rabuwa da ciwo. Likita ya duba ta ya ce lafiyarta lau, ya juya ya haska nasa ya ce, "Baba, kai da wa ka zo? Wa ya riƙo hannunka?" Aka yi masa aiki a idon dama, aka ce ya huta, na hagu sai wani zuwan.

Bayan mako biyu ya fito rumfa da baƙin tabarau kamar ɗan sandan ciki. Ya zauna a bencina yana ba ni labarin abubuwan da ya gano. Wai ashe bangon ɗakinsa shuɗi ne, wai ashe ni Kashim na tsufa haka. Muna cikin haka Malam Isaiah ya tsaya a ba shi iska. Jalo ya zare tabarau, ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya ƙura wa ƙofar bayan motar idon dama.

"Malam, wane mugu ne ya yi maka wannan aikin? Ina gari ka kai motarka wajen 'yan koyo?"

Malam Isaiah ya kalle ni. Ni kuma na duƙufa a kan tayar da ba ta buƙatar komai.

Jalo ya tashi ya je ya tsuguna, ya shafa gefen ƙofar inda sabon fenti ya haɗu da tsoho. Kowane mai fenti ya san hannunsa. Ya daɗe a tsugune, sannan ya dawo ya zauna. Ranar kasuwa ce, hanya cike da motoci, ya zauna yana kallonsu suna wucewa. Ga mai ƙofa ruwan toka a jikin azurfa, ga ja mai goshin ruwan goro, ga wata baƙa da faci kamar an ɗinka mata. Wasu direbobin har suna danna masa ham suna ɗaga hannu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba ni na yi fentin ba.

Da Malam Isaiah ya tafi, Jalo ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Kowa ya sani?"

"Kowa."

"Kai ma?"

"Ai na faɗa maka, Jalo. Kullum ina faɗa maka."

"Ka faɗa kana dariya." Ya mayar da tabaransa. "Su kunyata suke ji, na gane. Kai da ba kunya tsakaninmu, me ya hana ka zaunar da ni ka faɗa mini sau ɗaya kamar mutum?"



Tun daga washegari ya shiga bin motocin ɗaya bayan ɗaya. Yakan hau kekensa har gidan mutum, ya yi sallama, ya ce a kawo mota zai gyara ɓarnarsa. Ta Malam Isaiah ya fara yi, kuma na rantse ko shi Malam ɗin ba zai nuna maka ƙofar ba yanzu. Hajiya Zinatu ta ce ai ba komai, ya ce da komai. Idon dama ya dawo tamkar na da, masu sabbin motoci ma sun fara leƙowa.

Ni ne dai ban samu gyara ba. Yau mako bakwai ke nan, kullum da safe sai ya jingine kekensa, ya tako har bakin rumfata, ya ce, "Ina kwana, Malam Kashim. Ya iyali? Ya aiki?" In amsa, ya ce madalla, ya koma wajen gwangwanayensa. Shekaranjiya na yi ƙarfin hali na ce, "Bawana, yau ba magana?" Ya juyo ya dube ni da idon nan mai gani, ya ce, "Lafiya lau, Malam Kashim. In ka gama da injin iska ina so."